Lallen da Goggo ta ɗaure ni da shi

Zanen goyon yana nan har yau a ƙasan akwatina. Shuɗi ne mai hoton kifi, amma tsakiyarsa ya koɗe ya yi fari-fari, daidai inda cikin 'yata yake mannewa da bayana. Ban san zufa kaɗai tana koɗar da zane ba sai a kaina. In ka cire lokacin wanka da lokacin kwanciya, yarinyar nan a bayana ta yi shekararta ta farko har da ɗoriya. Ina shara tana baya, ina wanki tana baya. Sallah ma sau da yawa da ita nake yi, in na yi ruku'u ta cafki ɗankwalina ta ja.

Abin ya faro tun ina da cikinta. Daga Bawku aka kawo ni unguwar Nima, gidan dangin maigidana, gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida guda, rabi dangi rabi 'yan haya. A bakin ƙofarmu akwai 'yar kwata da aka ɗora wa katako, ita ce ke gangarawa ta faɗa babbar gota da ta raba mu da unguwar Mamobi. Wata rana da damina aka wuni ana ruwa. Da ya tsagaita sai na bi matan gida muka je kan gada kallo. Ruwan ya cika gotar, jawur, yana tafe da ledoji da robobi, har da wata kujerar katako ƙafafunta a sama. A cikinsu na hango takalmin yaro, ja, ɗan mitsitsi, yana juyawa yana nutsewa yana fitowa.

Ba abin da ya sami yaron. Ɗan telan bayan gidanmu ne, da yamma na gan shi da takalmi ɗaya yana cin gasasshiyar masara, uwarsa tana yi masa faɗa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma takalmin ya shige min kai ya ƙi fita.

Da na haihu, Goggo ce ta yi min wankan jego. Yayar baban maigidana ce, ita ke riƙe da gidan, kuma ita ke sayar da wake da shinkafa a bakin lungu, wanda a nan ake ce wa wace. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta suna damunta, muryarta kuwa tana kaiwa masallaci. Hausa take yi min, ta yi wa masu saye Tuwi, in kuma ranta ya ɓaci ta koma yaren Ga. Muddin ina cikin arba'in ba wanda ya ga laifina don na ƙi sauke jaririya. Bayan arba'in ne idona ya buɗe a kan tsakar gidan nan, na fara ganin abin da ba wanda yake gani. Kurfotin matar ɗakin tsakiya kullum da garwashi, kuma ƙafarsa ɗaya gajeriya ce. Bokitan ruwa a buɗe. Mai ƙosai tana ajiye kaskonta a ƙasa ya huce. Ƙofar zaure ba ta rufuwa sosai, daga ita sai katakon kwata, kuma 'yan okada suna shigowa lungun kamar titi.

Sai na ƙara tamke goyo.

Jikina kuma ya fara ba ni labari. Ƙirjina kullum kamar an kifa min turmi. Muƙamuƙina yana ciwo da safe don na kwana ina cizon haƙora ban sani ba. Wuyana ya sandare, kaina yana sarawa, abinci in na kai loma biyu ya tsaya a maƙogwaro. Ga waya. Akwai zauren matan garinmu da aka sa ni a ciki, kullum sai an turo murya ko bidiyo: an sace yaro a wani gari, wani ya sha kananzir, wata ta faɗa rijiya. Ba na tsallake ko ɗaya. In na gama saurare na sake kunnawa, kamar wadda za a yi wa tambaya a kai.

Maigidana direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, yana fita kafin gari ya waye. Mutum ne mai sanyin hali. In ya dawo yakan riƙo min fura ko soyayyar ayaba mai yaji, ya zauna a bakin katifa yana kallonmu.

"Amarya," haka yake kirana har yau, kamar kowa a gidan, "sauke ta mana ta sha iska. Ni fa na manta kamannin cikinta, ƙeya kawai nake gani."

Sai na sauke ta a kan katifa, na zagaye ta da filo, na zauna a gefe hannuna a kan ƙafarta.

Ranar awo ce ta tona komai. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai tabarau, tana jin Hausa irin ta kasuwa. Ta rataya 'yata a sikeli, ta ce nauyi ya yi kyau. Sai ta tambaye ni ko tana tafiya. Na ce a'a. Tana tsayawa? A'a. Rarrafe fa? Na ce kaɗan, a kan katifa. Ta tsayar da ita a kan tebur, ƙafafun suka lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya. Ta lallatsa su, ta miƙar, ta tanƙwara, ta ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, ƙasa ce kawai yarinyar ba ta sani ba. In muka dawo awo na gaba ba ta fara tsayawa ba, za ta tura mu babban asibiti a duba. Daga nan ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo hannuna ba ta tambaye ni ba, ta ɗaura min abin awon jini.

"Madam, naki ya hau. Kina barci?"

Na ce ina yi. Ta ce ƙarya nake, idona ya faɗa mata. Ta ce in rage gishiri, in rinƙa tafiya, in dawo ta sake aunawa, in kuma ya ƙi sauka akwai magani.

A hanyar gida na ga sa'o'in 'yata, waɗanda aka yi sunansu wata ɗaya da nata, suna ta guje-guje a lungu tsirara. Tsorona ya zama biyu. In na sauke ta, ga gota. In ban sauke ta ba, ni da hannuna na hana 'yata ƙafa.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki in zaunar da ita, in ce yau sai na bar ta. Kafin ta kai bakin tabarma na riga na sure ta. Ba shawara nake yi ba, hannuwana ne ke zuwa da kansu.

Goggo ba ta taɓa ce min ina da damuwa ba. Cewa ta yi idonta ya fara rauni, in zo in taya ta tsintar wake bayan azahar. Muka zauna a inuwar katanga, kowa da faifai a cinya. Wayata ta yi ƙara, ta miƙo hannu ta karɓe, ta jefa cikin gwangwanin gishiri ta rufe.

"Masu mutuwa su jira mu gama."

Ta nuna min yadda ake fitar da tsakuwa gefe ɗaya, mai ƙwari gefe ɗaya, sannan a ɗaga faifai a hure ƙaiƙayi. Hurawata ta farko na watsar da wake har cikin kwata.

"Ke! Wuta kike hurawa? Ja iskar daga cikinki, can ƙasa. Sannan ki sake ta a hankali, doguwa, kamar kina huce wa yarinya koko. Kar ki zubar min da jari."

Na ja, na saki. Na sake. Ƙaiƙayin ya tashi a hankali ya sauka a kan zanena. Ban ankara ba har muka gama buhun ranar, sai na ji turmin da ke ƙirjina ya ɗan matsa gefe. Ban gaya mata ba. Washegari ni na fara kawo faifai.

Daga nan ta ƙaro min wani aikin. Da hantsi in ta tashi daga sayarwa, sai in raka ta kasuwar Mamobi sayen karan dafi, jan ganyen da ke ba wace launinsa. Tafiyar da ni kaɗai zan yi ta a guje, da Goggo sai ta cinye safiya, don gwiwa, don kuma ba mahaucin da za ta wuce ba ta tsokane shi ba, ba mai tumatir da ba za ta tambayi jikin uwarta ba. Da fari ina jin kamar in ja ta. A hankali ƙafata ta koyi takunta. Na fara jin yunwa in mun dawo. Ciwon kan ya ragu.

Amma yarinya tana nan a baya, ranar awo kuma tana matsowa.

A ɗakin ƙarshe akwai wata Bazabarmiya mai yin lalle, 'yar haya, ba a rasa cingam a bakinta. 'Yar Bawku take ce min. Wata Juma'a Goggo ta sanar cewa akwai suna a Mamobi ranar Lahadi, duk matan gida za a yi ƙunshi gobe. Na ce ni a bar ni, rabona da lalle tun na aurena.

"Shi ya sa ƙafarki ta yi kamar ta mai kwasar yashi," in ji Bazabarmiyar. "Mijinki mai haƙuri ne, 'yar Bawku. Ni da zan ga wannan diddige a gadona sai na kira 'yan kwana-kwana."

"To wa zai riƙe min yarinya?"

Goggo ta ajiye ludayi ta dube ni. "Mu da muke nan duwatsu ne?"

Ranar Asabar bayan azahar ta ce in yi sallata, in zaga bayi, in ba yarinya nono ta ƙoshi. Na yi duka. Aka zaunar da ni a kan tabarma, bayana a jikin katanga, ƙafafuna a miƙe a kan wani guntun katako. Bazabarmiyar ta yanka salatif siri-siri ta liƙa min zane a ƙafa, ta dambara lallen da ta kwaɓa da lemun tsami, sanyinsa ya ratsa ni har ƙeya. Ta naɗe da leda, ta zura min tsohuwar safar maigidana. Ta dawo hannun hagu. Da ta kamo na dama na janye.

"Bar min ɗaya."

"Ɗaya? A sunan Mamobi? So kike a ce ban iya aiki ba?"

Kafin in sake magana Goggo ta zagayo ta kwance min goyo, ita kuma Bazabarmiyar ta cika min tafi da lalle ta ɗaure. Bayana ya yi sakayau, iska ta bugi inda zufa take. Sai a lokacin na duba sauran matan. Kowace hannu ɗaya aka yi mata, wata ma farce kawai. Goggo ko ɗigo babu a jikinta. Ni kaɗai aka ɗaure hannu biyu ƙafa biyu kamar ragon layya.

"Goggo, kun haɗa min baki."

"Mun haɗa. Zauna."

Ta shimfiɗa wata tabarmar a tsakiyar gida, nesa da ni, ta dire 'yata a kai. Na buɗe baki zan lissafa mata abin da ke tsakar gidan nan, sai idona ya riga bakina. Kurfoti mai gajeriyar ƙafa ba ya nan, an ɗora shi kan katanga. Bokitai duk a rufe, an ɗora musu dutse. Kaskon mai ƙosai yana cikin ɗaki. An share ƙasa tas. An kwantar da dogon benci a bakin zaure, ya tare ƙofar gaba ɗaya. Duk abin da nake tsoro, ɗaya bayan ɗaya, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, tsohuwar nan ta bi ta kawar. Ashe duk watannin nan da nake kallon tsakar gida, ita ni take kallo.

Yarinya ta waiga ba ta ji bayana ba, ta fasa kuka, ta miƙo min hannu. Na yunƙura. Ledar ƙafata ta zame a kan katako.

"Wallahi kika tashi, ƙafarki za ta fito kamar ta agwagwa," in ji Bazabarmiyar, "kuma zan gaya wa duk Mamobi ke kika ɓata."

"Kuka take yi!"

"Mun ji. Muna da kunne."

Goggo ta jawo kujerarta kusa da ni da nishi, ta ɗauko faifan wake ta kara min a ƙarƙashin haɓa.

"Hannunki ne a ɗaure, bakinki a sake yake. Hura min."

Na hura, hawaye yana sauka cikin waken. Ta ce ba komai, an rage mata kuɗin gishiri. Na sake ja daga can ƙasa, na saki a hankali. Ina hurawa, ina kallon 'yata ta saman faifai. Kukan ya koma ƙunƙuni. Wata ƙwayar wake ta gangara ta tsaya kusa da tabarmarta, ta bi ta da ido, ta kifa ciki, ta ja jiki. Tafin hannunta ya sauka a kan siminti. Ta ɗaga shi ta duba, ta sake mayarwa, ta bubbuga. Ta damƙi waken za ta kai baki, matar ɗakin tsakiya ta sa yatsa ta zare shi ba tare da ta daina labarin da take bayarwa ba.

Wayata ta yi ta ƙara a cikin gwangwanin gishiri. Hancina ya yi ƙaiƙayi, Bazabarmiyar ta sosa min da bakin almakashi, ta ce wannan kyauta ne. Da ƙishirwa ta kama ni, Goggo ta fasa ledar ruwa da haƙori ta matsa min a baki. Rabon da wani ya ba ni ruwa a baki tun ina yarinya a ɗakin uwata.

'Yata ta rarrafa har gindin turmin sakwara. Ta kama bakinsa da hannu biyu, ta ja, ƙafafun suna rawa, ta ɗago rabi, ta faɗi daɓas a kan ɗuwawu. Nan take ta juyo ta kafe ni da ido.

"Kar ki ɓata fuska," Goggo ta ce ƙasa-ƙasa. "Ke take tambaya ko ta ji ciwo."

Na washe haƙora. Ban san irin murmushin da na yi ba, don Bazabarmiyar ta kusa haɗiye cingam. Amma yarinya ta dube ni, ta dubi turmi, ta sake kamawa. Ta faɗi, ta sake. A wani yunƙurin ta miƙe tsaye, cikinta a jikin turmi, tana leƙa ciki tana yi masa magana da yarenta. Matan gida suka ɗauki guɗa. Ta tsorata ta zauna.

Ba ta yi tafiya ran nan ba. Ta gaji, aka kawo min ita, Goggo ta ɗaga min riga ta tallafe ta har ta sha ta yi barci, ta kwantar da ita a cinyarta. Ni kuma ban san lokacin da kaina ya jingina da katanga ba. Da rana tsaka, a tsakar gida, hannuwa a shanye kamar mai roƙon ruwa, 'yata a hannun wani, na yi barci. Sai da la'asar ta yi sanyi suka tashe ni in wanke in yi sallah. Lallen ya kama har ya yi duhu. A tafin hannun hagu ne kawai zanen ya dagule, inda na dunƙule hannu lokacin da take kuka.

Mun je sunan. Wata ta kamo hannuna tana yabawa, ta ga dagulallen wurin, Bazabarmiyar ta ce sabon yayi ne daga Yamai.

Bayan nan kullum da yamma ana kwantar da benci a bakin zaure, a sauke yarinya. In hannuwana suka fara tafiya da kansu, sai in zauna a kansu, in ja numfashi in hure ƙaiƙayin da babu. Na fita daga zauren matan garinmu, na ce wayata ce ta cika. Da muka koma awo, nas ta tsayar da 'yata a kan tebur, yarinya ta tsaya ƙyam ta kamo mata tabarau. Ba a tura mu babban asibiti ba. Jinina ma ya sauko, ko da yake ta ce in ci gaba da zuwa tana dubawa, kuma ina zuwa.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. In hadari ya haɗu ta wajen teku, muƙamuƙina yakan fara. Goggo tana ganin fuskata za ta ɗaga murya ta ce wa Bazabarmiyar, "Kwaɓa lalle, Amaryarmu ta fara cin haƙori." Ƙafata ba ta ƙara rabuwa da ja ba.

Tafiyar ta zo wata yamma muna tsintar wake. 'Yata ta saki turmi ta nufi babanta da ya shigo, tana tangaɗi, hannuwa a sama. Faifai yana cinyata, ban tashi ba. Washegari ya dawo da 'yar leda, ya ce in buɗe. Takalmi ne, ja, ɗan mitsitsi. Ƙirjina ya buga. Bai san labarin wancan takalmin ba, ban taɓa gaya masa ba. Ya matsa diddigen da yatsa, takalmin ya yi ƙyiiƙ kamar ɗan tsako.

"Mai kuka na zaɓo," ya ce. "Don ki rinƙa jin inda take ba sai kin tashi ba."

Na ja iska daga can ƙasa, na sake ta a hankali. Na zaunar da 'yata a cinya na sa mata, hagu da dama, na dire ta a ƙasa. Ta tafi ƙyiiƙ, ƙyiiƙ, ta bi bayan ɗakin Bazabarmiyar inda ba na ganinta. Goggo ta tura min faifai da ƙafa ta ce akwai sauran tsakuwa.